Tattasai, Naira da Ɗanyen Mai: Wa Ya Ce Diffa Ba Ta Bukatar Dokta a Ilimin Kuɗi?

Kowace shekara, tsakanin kaka da tsakiyar hunturu, manyan makarantun koyon kasuwanci na duniya kan fitar da sanarwar neman ɗaliban da za su yi digirin dokta a fannin ilimin kuɗi. Tayin ba ƙarami ba ne: a yafe wa ɗalibi kuɗin makaranta, a riƙa ba shi abin ɗawainiya duk wata, shekara huɗu ko biyar, har ya kare kundinsa. Irin wannan sanarwa tana isowa Diffa kamar yadda take isa ko'ina, ta wayar hannu, kuma amsar da aka saba ba ta a ɗakin malamai da zauren ƙungiyoyi ba ta wuce guda biyu. Wasu su ce wannan karatun ƴaƴan masu hannu da shuni ne na Yamai da Dakar. Wasu, waɗanda suka fi ganin kansu da hangen nesa, su ce jahar da ta sha wutar yaƙi fiye da shekara 10 likitoci take bukata da malaman gona da masu haƙa rijiya, ba masu lissafin hannun jari ba. Amsa ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin tana sanye da rigar kishin talaka, alhali talakan take cuta. Duk faɗin Nijar babu jahar da ta fi Diffa bukatar masana kuɗi nata na kanta, kuma babu wadda ta fi ta biyan tsadar rashinsu.

A fara da aljihun manomi. Sanin kowa ne cewa daga Maine-Sorowa zuwa Bosso, duk tsawon gaɓar Komadugu, kuɗi biyu ke yawo kafaɗa da kafaɗa. Yamai tana nesa da tazarar da ta haura kilomita 1,300, Damasak kuwa tsallaken kogi ce, Maiduguri tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba a lokacin zaman lafiya. Saboda haka ciniki da naira ake yi, haraji da takardar asibiti da kuɗin wuta da sefa ake biya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa guguwa ce. A watan Yunin 2016 Babban Bankin Nijeriya ya sake ta, farashin hukuma ya tashi daga kusan 197 zuwa wajen 280 a kan dalar Amurka cikin ƴan kwanaki. A Yunin 2023 aka sake sakinta daga wajen 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Mutumin da ya sayar da tattasai ya ƙulle nairarsa a akwati yana jiran auren ɗiya ko kuɗin rajistar ɗa a jami'a, ya wayi gari guminsa ya narke, babu ɓarawon da ya shiga gidansa, babu gobarar da ta tashi.

Akwai wani ɓangare na wannan al'amari da malamai ba su cika son a taɓo ba. Malamin makaranta albashinsa da sefa yake. Duk ranar da naira ta faɗi, jakarsa ɗaya ta fi ta jiya ƙarfi a kasuwar Diffa, sai ya koma gida da cefane mai nauyi yana godiya. A ranar nan ce uban ɗalibinsa ya yi asara. Faɗuwar wani tashin wani. Ba laifin malami ba ne, amma wanda ke cin gajiyar abu bai kamata ya zama shi ne mai cewa abin bai cancanci a zurfafa bincike a kansa ba.

Sai kuma abin da ya faru a ƙarshen 2022 da farkon 2023, lokacin da Nijeriya ta sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ta sa wa'adin daina karɓar tsofaffi, da farko 31 ga Janairu, daga baya 10 ga Fabrairu. An yi ta ba da labarin wahalar da aka sha a Kano da Legas. Amma ɗan Geskeru ko Shetimari da ke riƙe da tsofaffin takardu, ba shi da asusu a wani bankin Nijeriya, ba shi da ƙuri'a a can, ba shi da wanda zai kai wa ƙara, wa ya ƙidaya asararsa? Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tsawaita wa'adin a watan Maris, bayan da yawa sun riga sun rabu da takardunsu a hannun ƴan canji da ragi mai zafi. Wannan fa shi ne ainihin abin da ake rubuta kundin dokta a kansa: al'ummar da ke rayuwa a ƙarƙashin babban bankin da ba nata ba, tana ɗaukar hukuncinsa ba tare da an tambaye ta ba.

Tattasan kansa, wanda ake yi wa kirari da jan zinariya, bashi ne ke ɗauke da shi daga irin da aka zuba har buhun da aka ɗinke. Kafin rikici, kwarin na fitar da kimanin tan 10,000 a shekara, mafi yawa zuwa kasuwannin Nijeriya. Noman na cin taki, yana cin man injin ban ruwa watanni a jere, kuma ƙaramin manomi ba ya da tsabar da zai ɗauki wannan nauyi. Sai ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi taki da mai, a kan zai biya da buhuna idan an tsinka, a farashin da mai ba da bashi ya fi ƙarfin faɗa a kansa. Hausawan Maraɗi sun raɗa wa ire-iren wannan bashi suna mai cike da hikima, a-ci-ba-daɗi. Nawa ne ainihin ribar da ke ɓoye cikin wannan yarjejeniya idan aka mayar da ita lissafin shekara? Shin ɗan kasuwar zalunci yake, ko kuwa haɗarin ambaliya da ƙwari da rufe iyaka yake sa wa farashi? Mai gaggawar zagin ɗan kasuwa ba shi da amsa, mai kare shi ma haka. Amsar tana wurin wanda ya iya auna haɗari, ya zauna da littattafan bashi na ɗaruruwan gidaje ya ƙididdige.

Da aka kai hari Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur, ta hana cinikin tattasai da kifi, ta taƙaita sayen taki da mai, bisa hujjar toshe wa Boko Haram hanyar samun kuɗi. Sai a watan Oktoban 2017 aka ɗage haramcin tattasai, na kamun kifi kuwa sai Maris na 2019. Masana tsaro sun faɗi nasu, ƙungiyar Oxfam ta fitar da rahoto a 2017 kan yadda matakin ya karya magidanta. Abin da aka rasa a teburin shawara shi ne mai cewa: idan aka tsayar da cinikin shekara biyu, ba amfanin gona kaɗai ke ruɓewa ba, sarƙar amana ce ke tsinkewa, mai bin bashi ya karye tare da wanda ake bi, kuma ranar da aka ɗage haramci ba za a samu mai ba da taki a kan alkawari ba. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta zo ta tarar da manoma a wannan hali, babu inshora, babu asusun da zai ɗauke musu rabin asara. Malamin gona ya san yadda tattasai ke tsiro. Yadda za a raba asararsa tsakanin manomi da ɗan kasuwa da banki da hukuma, wannan wani ilimi ne daban, kuma shi ne ake cewa Diffa ba ta bukata.

Ga kuma mai. Rijiyoyin Agadem a cikin jahar Diffa suke. Tun 2011 kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke haƙo ɗanyen da ake tacewa a matatar SORAZ ta Damagaram, kuma a 2024 bututun da ya kusa kilomita 2,000 ya fara kai shi gaɓar teku a Benin. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a matsayin kuɗin gaba, da ruwa kashi 7 cikin 100, za a biya da ɗanyen mai cikin shekara ɗaya. Mai karatu ya lura: a-ci-ba-daɗi ne ko ciniki mai kyau, tsarinsa ɗaya da na manomin tattasai, an ci yau a kan amfanin gobe. Ana iya kare wannan bashi, domin takunkumin da CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba bayan 26 ga Yulin 2023 ya rufe wa ƙasa kasuwar lamuni ta yanki, har ta kasa biyan wasu basussuka a kan lokaci. Ana iya sukarsa kuma. Amma ƴaƴan jahar da man ke fita daga ƙarƙashin ƙasarta, mutum nawa ne a cikinsu za su iya buɗe irin wannan yarjejeniya su karanta sharuɗɗanta, su faɗi abin da zai faru idan farashin ganga ya faɗi? Dokar man fetur ta 2007 ta ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shigar mai ga hukumomin jahar da ake haƙowa, ƙungiyoyin farar hula kuma sun sha kokawa kan jinkirin biyansu. Mai neman haƙƙinsa da ihu kawai, ba da lissafi ba, sau da yawa da haƙuri ake sallamarsa.

To, masu sanarwar ma ba za su tsira daga zargi ba. Suna rubuta cewa ƙofa a buɗe take ga kowa daga kowace ƙasa, amma ƙofar tana saman bene ne, an kuma ɗauke tsani. A makarantun Amurka, da irin su INSEAD da HEC a Faransa, karatun da Ingilishi ake yi. Shekara biyu na farko darussa ne masu nauyin lissafi, ƙididdiga da nazarin farashin kadarori da kuɗin kamfanoni, sannan jarrabawar tantancewa, sannan bincike. Kowane sashe ɗalibai ƙalilan yake ɗauka a shekara, sau da yawa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Kafin a duba takardar mutum sai ya kawo sakamakon GRE ko GMAT da na TOEFL, kowace jarrabawa kuɗinta ya kai dalar Amurka 200 ko fiye, wato sama da jaka 100, ban da kuɗin tafiya inda ake zana ta. Sai wasiƙun shaida uku daga malaman da kwamitin zaɓe ya san sunansu. Karatun kyauta ne ga wanda ya shiga. Isa bakin ƙofar ne ke cin gonar gado. Daɗin daɗawa, tun 2023 Faransa ta dakatar da ba ɗaliban Nijar biza daga Yamai, ofishin jakadancinta kuma aka rufe shi a farkon 2024. Duk wannan gaskiya ne. Amma tsawon bene hujja ce ta a sassaƙa tsani, ba ta a ce babu komai a sama ba.

Wani malami zai ɗaga hannu ya ce ilimin kuɗi ilimin riba ne, ɗan Musulmi ba shi da abin yi a ciki. Wannan magana ta fi ba da mamaki idan ta fito daga ƙasar Barno, inda aka shafe ƙarnuka ana karantar da fiƙihun Malikiyya. Duk almajirin da ya sauke Risala ya ratsa babin ciniki, ya karanta hukuncin salam, wato biyan kuɗi yanzu a kan kayan da za a kawo daga baya, da sharuɗɗan da aka gindaya masa don kada mai ƙarfi ya danne mai rauni. Ya karanta ƙiradi, inda mai dukiya da mai aiki ke raba riba. Bashin tattasai ɗan'uwan salam ne na jini, sai dai ya ɓata tarbiyya. Wanda zai daidaita shi dole ya san fiƙihu ya kuma san lissafin haɗari. Kano ta gane haka: Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman ta nazarin banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin Nijeriya ta fitar da sukuk ɗinta na farko a 2017, Senegal ta riga ta tun 2014. A Maleshiya jami'ar INCEIF digirin dokta take bayarwa a wannan fanni kaɗai. Ƙin sanin yadda riba ke aiki bai taɓa hana ta cin mutum ba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa wanda ya tafi ba ya dawowa. Wannan tsoro yana da tushe. Makarantar da ta ciyar da ɗalibi shekara biyar tana sa ran ya koyar a wata irinta, kuma batutuwan da ke kai mutum ga suna a can na kasuwar hannun jari ta New York da Landan ne, inda alkaluma ke jibge. Kasuwar hannun jari ta yanki, BRVM ta Abijan, ko a Yamai ba kowa ya san da ita ba, balle a Ngigmi. Sai dai a duba ɗaya gefen. A 1988 da 1989 wani ɗalibin Jami'ar Yale, Christopher Udry, ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya yana bin diddigin bashin da manoma ke ba juna. Ya gano cewa abin da ake biya yana sauyawa gwargwadon abin da ya samu mai bashi ko mai bin bashi: wanda gonarsa ta lalace a sassauta masa, idan kuma mai ba da bashin ne masifa ta faɗa wa, a ƙara masa. Ma'ana bashin ƙauye inshora ne a ɓoye. Wannan bincike ya zama abin karantarwa a jami'o'in duniya. Jenny Aker ta yi kundinta a Berkeley kan yadda wayar hannu ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar, daga baya ta nazarci tura tallafi ta waya a jahar Tawa. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE bisa tushen adashe, ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ana ta rubuce-rubuce a kansa. Babu mai zargin waɗannan masu bincike. Aiki suka yi, kuma mai kyau. Abin kunyar na masu gida ne, da suke zaune a kan abin da baƙo ke tsallako teku ya ɗiba, suna cewa ba shi da daraja. Ɗan Manga da ya tashi yana jin Barbarci da Hausa da Fillanci, wanda ƴan canjin kasuwa suka san ubansa, yana da mabuɗin da ɗalibin Yale sai ya yi shekara yana nema. Ko da ya zauna a waje, kundin da ya rubuta kan naira da sefa a kwarin Komadugu ya riga ya dawo gida.

Ba kuma lallai sai Amurka ba. A Dakar akwai CESAG, makarantar koyon gudanarwa da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, da COFEB, cibiyar horarwa ta bankin kansa. Akwai shirin PTCI na jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, wanda ya fara a 1994, da shirin dokta na haɗin gwiwa da cibiyar AERC ta Nairobi ke ɗaukar nauyi tun 2002. Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe yana ba da tallafin karatu mai zurfi ga ƴan ƙasashe mambobinsa, Nijar na ciki. A Kano, ban da cibiyar da aka ambata, akwai makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero. A cikin gida Jami'ar Abdou Moumouni da ta Tawa suna koyar da tattalin arziki da gudanarwa, kuma daga nan ne matakin farko yake. Wasu daga cikin waɗannan mastar suke bayarwa, ba dokta ba, amma su ne matakalan tsanin.

Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014 tare da na Agadas da Dosso da Tillaberi, an gina ta ne a kan ilimin noma da muhalli. Zaɓi ne mai ma'ana ga jahar da hamada ke ci ta arewa, tafki ke ja da baya ta gabas. Amma a nan ma an ɗauka cewa matsalar manomi ta ƙare a bakin gona. Babu mai neman a buɗe makarantar kasuwanci a Diffa gobe da safe. Abin nema kujera ce ɗaya ko biyu ta nazarin kuɗin karkara da cinikin kan iyaka, da malaman da za su riƙe ta, kuma malaman nan sai an fara tura su karatu kafin a same su. Hukumar ANAB mai raba tallafin karatu tana kallon ƙasa baki ɗaya ne, ba za ta yi wa Diffa wannan tunani ba. Hukumomin jaha da kantomomin ƙananan hukumomi ne ya kamata su yanki wani abu daga kason mai, ko da na ɗalibi biyu ne a shekara, su biya kuɗin jarrabawa da tafiya da shekarar share fage, bisa sharaɗi rubutacce: batun kundin ya kasance na kwarin ne, a ajiye alkaluman da aka tattara a jami'ar Diffa, a kuma fitar da taƙaitaccen sakamako da Hausa da Barbarci. Tun da kundin tsarin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, wannan sharaɗi na ƙarshe bai kamata ya zama abin jayayya ba.

Ƙungiyoyin al'adu kan tara kuɗi don kokawa da bikin rawa da karrama baƙi, kuma babu laifi. Kuɗin dare ɗaya na irin wannan biki ya isa ya biya wa yaro mai hazaƙa jarrabawar Ingilishi da ta lissafi. Malamai kuwa nauyinsu ya fi na kowa, domin ba a ranar da sanarwa ta fito ake zama ɗan takara ba. Makarantu fiye da 100 aka rufe a jahar a 2015, yaran da suka tsira daga wannan giɓi su ne ke cikin lise da jami'a a yanzu. Wanda aka bari ya guje wa lissafi a aji na biyun lise saboda babu mai ƙarfafa masa gwiwa ya shiga sashen C, an rufe masa wannan ƙofa shekara bakwai kafin ya ji labarinta. Ingilishin da ake ɗauka darasin cike gurbi, a garin da ke jin rediyon Maiduguri kamar na gida, shi ne zai yanke hukunci a ranar tantancewa. Malamin lissafi na Lise Idriss Alaoma da ya ware ɗalibai biyar ya riƙa ba su ƙarin darasin ƙididdiga ranar Asabar, yana kawo musu misali daga farashin canji na kasuwar garin da littafin bashin wani dillalin tattasai da ya yarda ya ara, ya riga ya fara aikin da hukuma ba ta fara ba. Yawancin makarantun nan suna rufe karɓar takardu ne tsakanin Disamba da Janairu, daidai lokacin da tattasan fari ke fara shiga kasuwa.